Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga malaman tarihi: babin hana cinikin bayi ya fi ƙarfin sunan mutum ɗaya

Assalamu alaikum wa rahmatullahi.

Allah ya gafarta malamai. Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, ku da iyali da ɗalibai, ina da koke da nake so in gabatar muku a bainar jama'a, a kan yadda ake koyar da babin hana cinikin bayi a makarantunmu na sakandare. Ni ba malamin makaranta ba ne. Uba ne mai leƙa littattafan 'ya'yansa, mai kuma son karatun tarihi, don haka in na yi shisshigi a sana'ar da ba tawa ba, a yi mini afuwa.

Yawanci babin nan a layi uku yake ƙarewa. Turawa sun yi cinikin bayi. Wani ɗan majalisa mai tausayi, William Wilberforce, ya tashi ya yi ta magana. Ingila ta hana cinikin a 1807, ta soke bautar a 1833. Yaro ya haddace, ya ci jarrabawa, shi ke nan. Babu ƙarya a ciki. Sai dai yaron yana fita daga aji da tunanin cewa 'yanci kyauta ce da wani babban mutum yakan ga dama ya bayar. Roƙona shi ne ku haɗa wannan babi da ɗan'uwansa wanda ba a cika ambata ba, wato gwagwarmayar gyara majalisar dokokin Ingila. A zamanin da abin ya faru, sau da yawa mutanen da ke wannan su ne ke wancan, kuma ɗaya bai ci nasara sosai ba sai da ɗayan ya samu.

Ku fara nuna wa ɗalibai wace irin majalisa ce aka je roƙo. A ƙarni na 18, 'yan tsiraru ne ke da ƙuri'a a Ingila, akasarinsu masu dukiya. Ana zaɓe a fili, kowa na jin wanda ka zaɓa, har da mai gidan da kake haya, domin ƙuri'ar sirri sai a 1872 ta zo. Majalisa kan iya shekara bakwai ba a sake zaɓe ba. Akwai wani tudu da ake kira Old Sarum, kufai ne, garin ya daɗe da tashi, amma yana tura wakilai biyu majalisa. Dunwich kuwa teku ta cinye yawancinsa, shi ma wakilai biyu. Manchester da Birmingham da Leeds da Sheffield, garuruwan masana'antu da mutane ke kwarara cikinsu, ba su da wakilin kansu ko ɗaya. Irin waɗancan kufai su ake kira ruɓaɓɓun mazaɓu, ana gadonsu, ana kuma sayar da su. Su wa ke da kuɗin saye? Daga cikin na gaba akwai masu gandayen rake a Jamaika da Barbados, waɗanda bayi ke yi wa noma. William Beckford, wanda ya yi magajin garin Landan har sau biyu, ɗaya ne daga cikin manyan masu bayi a Jamaika. Shi kansa Wilberforce, da ya shiga majalisa daga Hull a 1780 yana ɗan shekara 21, ya kashe sama da fam 8,000 kafin ya samu kujerar. To, wannan ita ce majalisar da za a ce wa ta kashe kasuwar da ke ciyar da wasu daga cikin 'ya'yanta.

Mutumin da nake so ya samu wuri a allonku shi ne Granville Sharp. Ƙaramin akawu ne a ofishin kayan yaƙi na gwamnati. A 1765 ya je asibitin wansa William, likita mai duba talakawa kyauta a Landan, sai ya tarar da wani matashi baƙar fata, Jonathan Strong, wanda ubangidansa David Lisle ya yi wa duka da gindin bindiga har ya kusa makancewa, sannan ya jefar da shi a titi. 'Yan'uwan biyu suka kai shi babban asibiti, ya yi watanni yana jinya, suka samo masa aiki. Bayan shekara biyu Lisle ya hange shi ya murmure, sai ya sa aka kama shi, ya sayar da shi fam 30 ga wani mai gandu a Jamaika. Sharp ya kai ƙara gaban magajin garin Landan, aka saki yaron. Sabon mai sayen ya maka Sharp a kotu, lauyoyin Sharp kuma suka ce masa doka ba ta tare da shi. Mutumin da bai taɓa karatun lauya ba ya zauna ya shafe shekara biyu yana tonon littattafan shari'a da kansa, har masu ƙarar suka janye jiki. A 1769 ya buga abin da ya gano, ya zama ɗaya daga cikin rubuce-rubucen farko da suka tunkari bauta gaba da gaba a Ingila.

Daga nan aka zo shari'ar James Somerset. Bawa ne da wani jami'in kwastan, Charles Stewart, ya zo da shi daga Amurka. Ya gudu a 1771, aka kamo shi, aka ɗaure shi a cikin jirgin da zai tafi Jamaika. Sharp ya tsaya masa. Ranar 22 ga Yuni, 1772, babban alƙali Lord Mansfield ya yanke cewa dokar Ingila ba ta ba ubangida ikon fitar da bawa daga ƙasar da ƙarfi ba. Ina roƙon ku faɗa wa yara iyakar hukuncin, domin ana yawan zuzuta shi. Bai 'yanta ko mutum ɗaya a Jamaika ba, jiragen Liverpool da Bristol kuma suka ci gaba da lodi a gaɓar Afirka ta Yamma kamar ba a yi ba.

Ga inda babin biyu suka haɗu. Wannan Sharp ɗin ne a 1774 ya buga wani ɗan littafi yana cewa haƙƙin jama'a ne su samu rabo a majalisar da ke yi musu doka. Da yaƙi ya ɓarke tsakanin Ingila da mutanen Amurka, ya ga ba zai iya zama a ofishin da ke aika makaman da za a kashe su ba, sai ya ajiye aikin a 1777, 'yan'uwansa suka riƙa ɗaukar nauyinsa. Yana goyon bayan a riƙa zaɓen majalisa duk shekara. A daidai lokacin ne Manjo John Cartwright, shi ma wanda ya ƙi yaƙar Amurkawa, ya fito a 1776 yana neman kowane namiji baligi ya samu ƙuri'a, a kuma jefa ta a asirce. A 1779 Christopher Wyvill ya haɗa kan masu gonaki na Yorkshire don neman gyara, a 1780 Cartwright da abokansa suka kafa ƙungiyar wayar da kai a kan tsarin mulki. Har firaminista William Pitt ƙarami ya kawo ƙudurin rage ruɓaɓɓun mazaɓu a 1785, majalisa ta yi watsi da shi da ƙuri'a 248 a kan 174. Ai da ma wuya ne mutum ya kaɗa ƙuri'ar rushe kujerar da yake zaune a kai.

Kada ku tsallake labarin jirgin Zong, ko da yana da nauyi ga yara. A ƙarshen 1781 ma'aikatan wannan jirgi, mallakar wasu 'yan kasuwar Liverpool, suka jefa 'yan Afirka sama da 130 cikin teku da ransu, suna cewa ruwan sha ya ƙare. Lissafin shi ne, bawan da ya mutu da ciwo asarar mai jirgi ce, wanda aka jefar don a ceci jirgi kuwa kamfanin inshora ne zai biya. Da maganar ta je kotu a 1783, ba shari'ar kisan kai aka yi ba, shari'ar kuɗin inshora aka yi. Wanda ya kai wa Sharp labarin shi ne Olaudah Equiano, tsohon bawa da ya fanshi kansa, wanda ya rubuta cewa a ƙasar Ibo aka haife shi. Sharp ya yi ta rubuta wa hukumomi a tuhumi ma'aikatan jirgin da kisa. Ba a hukunta kowa ba. A shekarar ce kuma 'yan ɗariƙar Kirista da ake kira Kweka suka miƙa wa majalisa takardar koke a kan cinikin bayi, ɗauke da sa hannun mutum 273.

Equiano da Ottobah Cugoano, wanda aka sace daga ƙasar Fante a Ghana ta yau, ya kamata ɗalibanmu su san su kafin su san kowa. Cugoano ya buga littafinsa a 1787, ya nemi a soke bautar gaba ɗaya, a lokacin da yawancin Turawan da ke tare da shi ba su wuce maganar cinikin ba. Equiano ya fitar da tarihin rayuwarsa a 1789, ya bi garuruwan Ingila da Scotland da Ireland yana sayarwa yana jawabi. Kafin su akwai Ignatius Sancho, mai kanti a Westminster, wanda dukiyarsa ta ba shi damar jefa ƙuri'a a 1774 da 1780. Yana cikin baƙaƙen fata na farko da aka san sun yi zaɓe a Birtaniya, alhali miliyoyin Turawan ƙasar ba su da wannan dama.

Ranar 22 ga Mayu, 1787, mutum 12 suka zauna a shagon wani maɗaba'i, James Phillips, a Landan, suka kafa ƙungiyar neman hana cinikin bayi. Tara daga cikinsu 'yan Kweka ne, waɗanda ba su iya zama a majalisa saboda aƙidarsu ta hana su rantsuwa. Sharp na ciki, da wani matashi Thomas Clarkson, wanda ya fara shiga maganar ta hanyar gasar rubutu a jami'ar Cambridge a 1785. Wilberforce ba ya cikin waɗannan 12. Su ne suka neme shi, domin suna bukatar baki a cikin majalisa, shi kuwa yana da kujera, yana da iya magana, ga abota da firaminista.

Aikin ƙafa Clarkson ne ya yi shi. Ya yi tafiyar kusan mil 35,000 a kan doki cikin shekara bakwai. Ya shiga mashayun matuƙan jirgi a Bristol da Liverpool yana tattara shaida, ya sayo mari da ankwa da ƙarfen da ake buɗe bakin bawan da ya ƙi cin abinci, yana nuna wa mutane su gani da idonsu. Ya tono rajistar jiragen ya nuna cewa su kansu matuƙan Ingila suna mutuwa da yawa a wannan fatauci, abin da ya karya hujjar masu cewa cinikin makarantar horar da sojan ruwa ce. Ƙungiyar ta buga zanen jirgin Brookes, inda aka nuna mutane jere a kwance babu masaka tsinke. Doka ta 1788 ta yarje wa jirgin ɗaukar mutum 454, alhali a baya ya taɓa ɗaukar 609. Josiah Wedgwood, mai masana'antar tangaran, ya ƙera ɗan tambari mai hoton bawa a durƙushe cikin sarƙa, mata suka riƙa maƙala shi a gashi da wuyan hannu.

Sai ku tambayi ɗalibai: wanda ba shi da ƙuri'a, da me zai yi magana? Mutanen Manchester, garin da ba shi da wakili, sun amsa a 1788 da takardar koke mai sa hannu sama da 10,000. A 1792 takardun koke 519 suka isa majalisa, ɗauke da sunaye kusan 400,000. Daga 1791 kuma gidaje suka fara ƙaurace wa sukarin da bayi suka noma, Clarkson ya ƙiyasta masu ƙauracewar sun kai 300,000. Mata ne ƙashin bayan wannan, tunda su ke cefane, su da ba a ma lissafa su a maganar zaɓe.

Majalisa fa? Wilberforce ya yi dogon jawabinsa a watan Mayun 1789. A 1791 aka kayar da ƙudurinsa da ƙuri'a 163 a kan 88. A 1792, da koke ya yi yawa, majalisar wakilai ta amince, amma wani minista, Henry Dundas, ya saka sharaɗin a yi abin sannu a hankali, majalisar masu sarauta kuma ta jinkirta ƙudurin har ya mutu. Shekara 15 aka ƙara ana lodin mutane.

A nan ne talakawa suka gane cewa ciwon ɗaya ne. A Janairun 1792 wani mai ɗinkin takalma, Thomas Hardy, ya kafa ƙungiyar masu sana'ar hannu a Landan don neman ƙuri'a ga kowane namiji, kuɗin shiga kwabo ɗaya a mako. Equiano ya zauna a gidan Hardy, ya kuma haɗa shi da mutanen da ya sani a wasu garuruwa. A wata wasiƙa da Hardy ya aika Sheffield a shekarar, ya ce ya tabbata duk wanda ke neman 'yancin baƙar fata da gaske zai tsaya wa haƙƙin farar fata, haka kuma akasin haka. A 1794 wani babban taron ma'aikata a Sheffield ya nemi gyaran majalisa, ya kuma nemi a 'yanta bayi baki ɗaya. Amma juyin juya halin Faransa da tawayen bayin Haiti na 1791 sun firgita masu mulki, ga yaƙi da Faransa tun 1793. Aka kama Hardy a watan Mayun 1794 bisa tuhumar cin amanar ƙasa, wadda hukuncinta kisa ne. Yana tsare 'yan iska suka far wa gidansa, matarsa mai ciki ta rasu wajen haihuwa bayan 'yan makonni. Masu taya alƙali hukunci suka wanke shi a watan Nuwamba, amma a 1795 aka yi dokar hana taron siyasa na sama da mutum 50 ba tare da izini ba. Duka gwagwarmayar biyu suka kwanta dama.

Yanzu ga abin da zai yi wa wasu ɗaci. Wilberforce ya goyi bayan waɗannan dokokin danniya. Ya goyi bayan dokar 1799 da ta hana ma'aikata haɗa ƙungiya. A ranar 16 ga Agusta, 1819, mahaya dawakai suka afka wa taron kusan mutum 60,000 da suka fito neman gyaran majalisa a Manchester, aka kashe sama da goma, ɗaruruwa suka ji rauni, abin da ake kira kisan Peterloo. Wilberforce bai goyi bayan a yi bincike ba, ya kuma mara wa sababbin dokokin takura da suka biyo baya. Ba ina cewa ku goge sunansa ba. Mutumin da ya yi kusan shekara 20 yana kawo ƙuduri ana kayarwa yana dawowa, ga rashin lafiya, ya cancanci yabo. Amma ɗalibin sakandare ya isa ya ji cewa mutum na iya tsaya wa bawan da ke Jamaika ya kuma juya wa masaƙin da ke Manchester baya. Tarihi da aka cire wa wannan ya zama kirari.

An hana cinikin a 1807, da ƙuri'a 283 a kan 16, a zamanin firaminista Lord Grenville. Waɗanda ke cikin bauta suka ci gaba da zama a ciki har shekara 26. Me ya sa? Masu gandaye na nan da kujerunsu. Ƙungiyar yaƙi da bauta da aka kafa a 1823 ma a hankali take so a bi, sai da wata mata 'yar Leicester, Elizabeth Heyrick, ta fito a 1824 ta ce a 'yanta su nan take, ƙungiyoyin mata suka bi bayanta suka matsa wa mazan. Su kuma bayin ba su zauna jiran kowa ba: Barbados a 1816, Demerara da ke ƙasar Guyana ta yau a 1823, sai babban boren Jamaika na Disambar 1831 ƙarƙashin wani bawa, Samuel Sharpe, wanda aka rataye a watan Mayun 1832. Mako biyu bayan rataye shi, a Yunin 1832, dokar gyaran majalisa ta tabbata. Aka soke ruɓaɓɓun mazaɓu 56 ɗungurungum, Manchester da Birmingham da Leeds da Sheffield suka samu wakilai. Masu gandaye suka rasa kujeru da dama, masu yaƙi da bauta kuma suka bi 'yan takara suna neman alkawari kafin zaɓe. Sabuwar majalisar ce, a shekararta ta farko, ta zartar da dokar soke bauta a Agustan 1833. Ku rubuta shekarun nan biyu kusa da juna a allo, 1832 da 1833, ku bar yaran su faɗi abin da suka gani.

Ku kuma ba su lissafin ƙarshe. Gwamnati ta ware fam miliyan 20 na diyya, aka ba masu bayi. Mutum kusan 800,000 da aka bautar ba su samu ko kwabo ba, aka ma tilasta musu ci gaba da yi wa iyayengijinsu aiki da sunan koyon sana'a har 1838. Gyaran 1832 shi ma rabi ne, domin ya bar yawancin ma'aikata a waje, ya kuma rubuta ƙarara cewa ƙuri'a ta maza ce.

Na san wani ɗalibi mai kaifin kai zai ɗaga hannu ya ce, Malam, mu fa? Don Allah kada a yi masa tsawa. Akwai bauta a ƙasar Hausa da Borno, akwai kasuwannin bayi, akwai rinji. Turawan da suka ci ƙasarmu a farkon ƙarni na 20 sun yi amfani da hana bauta a matsayin hujjar mamaya, sannan da suka hau suka bi abin a hankali don kada su ɓata da sarakuna: sanarwar 1901 ta 'yanta 'ya'yan da aka haifa daga lokacin, amma sai a 1936 aka soke bautar gaba ɗaya a Arewacin Nijeriya. Wannan babi ne mai zaman kansa, yana bukatar nasa makon, ba nan ne wurinsa ba. Na ambace shi ne don yaron da aka koya wa labarin Ingila da gaskiyarsa zai fi iya ɗaukar namu.

Na san lokacin darasi kaɗan ne, manhaja ta yi yawa, jarrabawa kuma tana son amsar da aka saba. Ba na neman a sauya manhaja. Darasi biyu sun isa: ɗaya a kan majalisar Old Sarum da mutanen da suka nemi gyara ta, ɗaya a kan Strong da Somerset da Zong da takardun koken 1792. Zanen jirgin Brookes yana nan a intanet, ana iya buga shi a takarda ɗaya a zagaya da shi aji. Masu rubuta littattafan karatu kuma, in an zo sake bugu, a ƙara shafi biyu, a sa sunan Cugoano da Equiano da Sharp da Hardy da Heyrick da Samuel Sharpe kusa da na Wilberforce.

Allah ya ƙara wa malamai lafiya da haƙuri, ya saka muku da alheri.

Wassalam.

Naku,
Wani uba mai 'ya'ya a makarantar sakandare